Yarjejeniyar Basai ta 1919: amana aka ba Ingila da Faransa, ko ganimar yaƙi aka sake wa suna?

DanMubi61:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga malaman tarihin da ke cikinmu. Kullum ana cewa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a fadar Basai kusa da Faris, wadda Faransawa ke rubutawa Versailles, ranar 28 ga Yunin 1919, ita ta rufe Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta ƙwace wa Jamus ƙasashen da take mulka ta raba wa Ingila da Faransa, har Mubi da Bama da Gembu suka wayi gari a hannun Ingila. Amma kuma yankin nan Ƙasar Amana ake ce masa, ba ƙasar mallaka ba. Mene ne bambancin a aikace? Ni a ganina suna kawai aka sauya, tamkar a ƙwace wa mutum akuya a ce kiwo ake taya shi.

MalamTaswira:
Wa alaikumus salam DanMubi. Kafin a kai ga maganar amana, bari a gyara tushe. Yarjejeniyar tana da sashe 440, kuma babu inda ta ambaci Mubi, babu inda ta ja iyaka tsakanin Ingila da Faransa a Afirka. Sashe na 119 gajere ne ƙwarai: Jamus ta sarayar da duk haƙƙinta kan ƙasashenta na ƙetare, ta bar wa manyan ƙasashen da suka ci yaƙi. Bai ce wane ya ɗauki wace ba.

Rabon daki-daki ya zo. Bindiga ce ta fara rabawa, don Togo ta faɗi tun Agustan 1914, Kamaru kuma a Fabrairun 1916. A Maris na 1916, yaƙi na tsakiyar ci, Ingila da Faransa suka yi wa Kamaru rabon wucin gadi. Ranar 7 ga Mayun 1919, ranar da aka miƙa wa wakilan Jamus daftarin sulhun, manyan suka bayyana wanda zai riƙe kowace ƙasa, amma da aka zo kan Togo da Kamaru sai aka ce Ingila da Faransa su je su shirya tsakaninsu su kawo. Layin da ya ratsa yankinku na 10 ga Yulin 1919 ne, kwana goma sha biyu bayan bikin Basai, kuma mutum biyu suka sa masa hannu a Landan: Milner, ministan ƙasashen mallaka na Ingila, da Henry Simon, takwaransa na Faransa. Ƙungiyar Ƙasashe ba ta buga nata hatimin ba sai 20 ga Yulin 1922.

GwaggoLarai:
Allah gafarta Malam, Ƙungiyar Ƙasashen nan ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya?

MalamTaswira:
A'a Gwaggo, yayarta ce. Wannan yarjejeniyar ce ta haife ta, ta zauna a Janeba, aka rushe ta a 1946. Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945 ce, ita ta gaji ƙasashen amanar.

LauyanKauye:
DanMubi, a takarda bambancin a fili yake. Sashe na 1 zuwa na 26 na yarjejeniyar su ne kundin Ƙungiyar Ƙasashe, kuma na 22 shi ya kafa riƙon amana. Hujjar da aka kafa ita ce wai mutanen waɗannan ƙasashe ba su kai su tsaya da ƙafarsu ba, don haka za a ba wata babbar ƙasa ta riƙe su a madadin ƙungiyar. Aka kasa su aji uku.

Ajin A na ƙasashen Larabawa ne da aka yago daga Daular Usmaniyya: Iraƙi da Falasɗinu ga Ingila, Siriya da Labanan ga Faransa. Su an ce sun kusa isa, shawara kawai suke buƙata. Ajin B na tsakiyar Afirka ne: Kamaru, Togo, Tanganyika, Ruwanda da Burundi. A nan mai riƙo shi ke mulki, amma da sharuɗɗa. Zai bar kowa da addininsa, zai hana cinikin bayi da na makamai da na barasa, ba zai gina sansanin yaƙi ba, ba zai horar da 'yan ƙasa aikin soja ba sai don tsaron cikin gida, kuma zai buɗe kasuwa ga duk membobin ƙungiyar daidai wa daida. Ajin C shi ne Afirka ta Kudu maso Yamma, wato Namibiya ta yau, da tsibiran tekun Fasifik. Su an yarda mai riƙo ya tafiyar da su da dokokinsa kamar wani yanki na ƙasarsa.

Sannan kowane mai riƙo zai kai rahoto duk shekara ga wani kwamiti na dindindin a Janeba. Wannan rahoton shi ne abin da Kano ko Damagaram ba su samu ba a wancan zamanin, don babu wanda Ingila ko Faransa ke yi wa bayani a kansu sai majalisunsu na gida.

BabanZainab:
Barista, ka faɗi takarda, ba ka faɗi haƙoran kwamitin ba, don ba shi da su. Ba shi da ikon zuwa ƙasar ya gani da idonsa. In ɗan ƙasa yana da ƙorafi, ƙa'ida ta ce ya miƙa takardarsa ta hannun gwamnatin da yake ƙara, ita za ta tura Janeba tare da nata sharhin. An ba kura ajiyar nama ke nan. Kuma wa ke zaune a kujerar Ingila a kwamitin? Gwamna Lugga da kansa, wanda ya ci Kano da Sakkwato, ya shafe fiye da shekara goma a wurin. Sharaɗin soja ma da ka ambata, Faransa ta sa an rubuta mata togiya a takardun Togo da Kamaru, cewa in babban yaƙi ya tashi tana iya amfani da sojojin da ta ɗauka a can. Ni dai ina bayan DanMubi.

Bagarwa:
Ku yi haƙuri in ɗan koma baya, don maganar Malam cewa bindiga ce ta fara rabawa tana buƙatar nama. Yaƙin arewacin Kamaru bai zo wa Ingila da sauƙi ba. A ƙarshen Agustan 1914 rundunar da ta taso daga Yola ta afka wa Garwa, aka fatattake ta, kwamandanta Maclear ya mutu a wurin. A Afrilun 1915 Jamusawa ma suka tsallako suka kai hari Gurin. Garwa ba ta faɗi ba sai Yunin 1915, bayan Janar Cunliffe ya haɗa ƙarfi da Faransawa, aka hauro da manyan bindigogi ta kogin Binuwai. Banyo ta bi a Nuwamba. Yawunde ta faɗi ranar 1 ga Janairun 1916, ragowar rundunar Jamus ta gudu kudu ta shige yankin Sifaniya, wato Ikwatoriyal Gini ta yau. Na ƙarshe shi ne Kyaftin von Raben da ya maƙale a kan dutsen Mora kusan shekara ɗaya da rabi, bai sauko ba sai 18 ga Fabrairun 1916.

Abin lura, Turawa kaɗan ne a kowane ɓangare. Masu harbin da masu dakon kaya 'yan Afirka ne, kuma akwai Hausawa a rundunar Ingila, akwai su a ta Jamus. Ba ɗaya daga cikinsu da aka tambaya a Faris.

DanMubi61:
Na gode Yaya Bagarwa. To in Ingila ta sha wannan wahalar, har Duwala ma sojojinta ne suka jagoranci kama ta a Satumbar 1914, me ya sa Faransa ta tashi da kusan kashi huɗu cikin biyar na Kamaru?

MalamTaswira:
Ciniki ne. Idon Ingila yana kan Afirka ta Gabas, inda take son haɗa mulkinta daga Masar har Afirka ta Kudu, kuma tana buƙatar Faransa ta ci gaba da jure yaƙin Turai, wanda a ƙasarta ake gwabza shi. Sai ta bar mata Duwala da Garwa da Marwa da Ngaundare, ta tsaya kan abin da zai gyara mata iyakar Najeriya: Dikwa, don ta haɗa Barno da aka raba bayan faɗuwar Rabe a 1900, da wasu gundumomin Adamawa, sai gonakin gindin dutsen Kamaru a kudu. Shi ya sa kason Ingila ya fito kamar tsumma biyu siriri a gefen Najeriya, wanda bai ma haɗe ba, akwai giɓi a wajen Binuwai kusa da Yola.

Lamiɗon Adamawa shi aka fi cuta. Tun yarjejeniyar 1893 an bar masa Yola a ɓangaren Ingila, mafi yawan ƙasarsa a ɓangaren Jamus. Da Jamus ta faɗi ana sa ran komai zai dawo, sai ɗan gefe ya dawo, manyan lamiɓɓan suka koma hannun Faransa.

YarwaKura:
Barno kam ta fi Adamawa sa'a. An haɗa Dikwa da Lardin Barno wajen mulki, kuma a 1937 Shehun Dikwa, Umar Sanda Kyarimi, shi ya zama Shehun Barno. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa a ƙasa ba a san wani layin amana ba. Razdan ɗaya, En'e iri ɗaya, haraji da jangali iri ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne Di'o ya ware alƙaluman Dikwa daban don rahoton Janeba.

UmmuHafsat:
Wani abu ya ɗaure mini kai. An ce akwai maganar Alƙur'ani a cikin wannan yarjejeniya. Gaskiya ne ko labarin intanet ne?

LauyanKauye:
Gaskiya ne 'yar'uwa, sashe na 246. Ya ce cikin wata shida da fara aikin yarjejeniyar Jamus ta mayar wa Sarkin Hijaz asalin Mus'hafin Halifa Usman, wanda aka ce Turkawa sun ɗauke daga Madina sun ba Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu kyauta. Jamus ta ce ba ya hannunta. A wannan sashen kuma aka umarce ta da ta miƙa wa Ingila ƙoƙon kan Mkwawa, sarkin Hehe na Tanganyika, wanda ya yaƙi Jamusawa har ya rasu a 1898. Wannan ma aka yi ta jan ƙafa. Sai a 1953 gwamnan Tanganyika, Twining, ya zaɓo wani ƙoƙo daga gidan tarihi na Bremen a Jamus, aka dawo da shi a 1954, aka kai Kalenga kusa da Iringa, inda yake ajiye.

Ingila ba don tausayin Hehe ta sa wannan ba. Tana son ta nuna wa mutanen Tanganyika cewa ƙarfin Jamus ya karye ne.

AlhajiTanko_KD:
Duk wannan maganar ƙasashen mallaka ƙaramar magana ce. Babban laifin Basai shi ne tarar da aka ɗora wa Jamus. Mak (kuɗin Jamus) biliyan 132 na zinariya, soja kada ya wuce 100,000, ba jirgin yaƙi na sama, ba na ƙarƙashin ruwa, sannan sashe na 231 ya ce ita ta jawo yaƙin. Wannan ne ya haifi Hitila.

BabanZainab:
Alhaji, ranka ya daɗe, akwai gyara. Biliyan 132 ɗin ba ta cikin yarjejeniyar. Ba su iya daidaitawa kan adadi a Faris ba, sai aka bar wa hukumar diyya, ita ta yanke a 1921. Kuma an kasa kuɗin takardun bashi uku. Biyun farko, biliyan 50, su ne na biya. Na ukun, biliyan 82, an rubuta shi ne don a kwantar wa talakawan Faransa da Ingila hankali, kowa ya san ba za a karɓa ba. Abin da Jamus ta biya kafin a yi watsi da maganar a taron Lozan na 1932 kimanin biliyan 20 ne. An sassauta mata a 1924, an sake sassautawa a 1929.

Kuma a tuna irin sulhun da ita Jamus ta ƙaƙaba wa Rasha a Brest-Litovsk cikin Maris na 1918, wanda ya fi wannan tsanani nesa ba kusa ba. Hitila ya yi amfani da haushin Basai sosai, ba musu, amma a zaɓen 1928 jam'iyyarsa ba ta kai kashi uku cikin ɗari ba. Durƙushewar tattalin arziki daga 1929 ce ta cika masa akwati.

AlhajiTanko_KD:
Na karɓi gyaran adadi. Amma ba ka ce komai kan mamaye yankin Ruhr da Faransa da Beljiyam suka yi a Janairun 1923 ba, lokacin da kuɗin Jamus ya zama takardar tsire. Wannan ma Basai ce uwarsa.

GwaggoLarai:
Ku dattawan nan kun kai mu Turai kun bar yaro da akuyarsa. DanMubi Mubi ya tambaya.

DanZangonYendi:
Gwaggo ta yi gaskiya, amma ku bari in shigo da Togo don lissafin ɗaya ne. Togo ita ce ta fara faɗuwa, ranar 26 ga Agustan 1914, a Kamina kusa da Atakpame, inda Jamus ke da babbar tashar waya marar igiya da ke haɗa Balin da jiragenta na teku da sauran ƙasashenta. Jamusawan da kansu suka rushe tashar kafin su miƙa wuya. A rabon farko Lome tana hannun Ingila. A rabon Yulin 1919 ta koma wa Faransa tare da gaɓar teku da layukan dogo, aka miƙa a 1920, Faransa ta tashi da wajen kashi biyu cikin uku.

A arewa rabon ya gyara ɓarna, don yarjejeniyar 1899 ta tsaga masarautar Dagbon biyu, Yendi da sarkinta Ya Na a hannun Jamus, Tamale a hannun Ingila. Bayan yaƙi suka haɗu a hannu ɗaya. Kete-Krachi da zangonta na fatake su ma suka faɗo ɓangaren Ingila. A kudu kuwa ƙabilar Ewe aka tsaga, kuma har gobe a tsage suke. Ranar 9 ga Mayun 1956 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kimanin kashi 58 cikin ɗari suka zaɓi haɗewa da ƙasar da ta zama Gana a 1957. Arewa ce ta rinjayar da ƙuri'ar, yankunan Ewe na kudu rabuwa suka fi zaɓa.

LauyanKauye:
Yawwa, ɗan'uwa na Yendi ya taɓo inda nake jira. BabanZainab da YarwaKura sun yi gaskiya kan shekarun 1920 da 1930. Amma a tambayi kai, me ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama a Yendi da Mubi, ba a yi a Kumasi ko Katsina ba? Don a shari'a ƙasar amana ba ta Ingila ba ce, ba ta da ikon ta haɗe ta da Najeriya da kanta. A 1946 aka mayar da riƙon ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma sabon tsarin ya fito da haƙoran da tsohon bai da su: tawagar gani da ido na zuwa ƙasar lokaci-lokaci, tun daga 1949, mutane na miƙa mata takardun koke hannu da hannu.

Misali mafi ƙarfi shi ne Namibiya. Afirka ta Kudu ta so ta haɗiye ta, majalisar ta ƙi, ta soke riƙon a 1966, Kotun Duniya ta ce zamanta a can haramtacce ne a 1971, aka sami 'yanci ranar 21 ga Maris na 1990. Da a 1919 kyauta aka ba ta, da babu igiyar da za a ja.

BabanZainab:
Barista, shekara saba'in da ɗaya igiyar ta ɗauka kafin ta ja, kuma da yaƙi aka taya ta. Ga hujja biyu da ke nuna ganima ce. Na ɗaya, yankin da Faransa ta ba Jamus a Nuwamban 1911 don ta sakar mata Maroko, wanda ya kai iyakar Kamaru har kogin Kwango da Ubangi. Bayan yaƙi Faransa ta mayar da shi cikin ƙasashenta kai tsaye, ba amana ba komai, shi ya sa yau yake cikin Gabon da Kwango da Afirka ta Tsakiya da Chadi. Na biyu, ɗan yankin Kionga a bakin kogin Ruvuma, an ba Fotugal shi mallaka. Beljiyam kuma ta sami Ruwanda da Burundi ne don sojojinta na zaune a wurin tun 1916. Inda ƙafarka take nan kasonka yake, ƙa'idar ke nan.

Wilson na Amurka shi ya dage kan amana. Smuts na Afirka ta Kudu da Hughes na Ostireliya haɗiyewa suke so, kuma ajin C da aka ƙirƙiro a ƙarshen Janairun 1919 don a rufe musu baki ne. Ƙarshenta majalisar dattawan Amurka ta ƙi amincewa da yarjejeniyar, a Maris na 1920 aka sami 49 da 35, ba a kai kashi biyu cikin uku ba. Mai amanar ma bai shiga ƙungiyar ba.

Issoufou_Damagaram:
Sannunku. Mu ma a Nijar da Chadi wutsiyar rabon ta taɓa mu, ta hanyar Italiya. A yarjejeniyar Landan ta 1915 an yi mata alkawari cewa in Ingila da Faransa suka ƙaru da ƙasashen Jamus za a gyara mata iyakokinta na Afirka. Ba ta sami amana ko ɗaya ba. Sai a Satumbar 1919 Faransa ta ɗan matsa mata a iyakar Libiya, daga Gadamas zuwa Gat zuwa Tummo, wadda ke bakin iyakar Nijar. Ingila ta ba ta Jubaland a 1925, aka haɗa da Somaliya a 1926. Italiya ta ce bai isa ba, har a Janairun 1935 Laval na Faransa da Musolini na Italiya suka shirya a ba ta zirin Awuzu na arewacin Chadi. Ba a taɓa musayar takardun tabbatarwa ba, don haka yarjejeniyar ba ta fara aiki ba, amma ita Libiya ta riƙe hujja ta shiga Awuzu a 1973. Kotun Duniya ta ba Chadi gaskiya a Fabrairun 1994.

UmmuHafsat:
Wato ba baƙar fata ko ɗaya a wurin taron?

MalamTaswira:
Laberiya ta halarta ta kuma sa hannu, Haiti ma haka. Amma daga ƙasashen da ake rabawa ba wakili. A Fabrairun 1919 Du Bois na Amurka da Blaise Diagne na Senegal suka haɗa taron baƙar fata a Faris, mutum 57, suka nemi a sa ido kan yadda ake mulkin Afirka. Manyan Duwala sun rubuta tasu takardar koke a wannan shekarar. Sa'ad Zaglul na Masar ya nemi zuwa, Ingila ta kai shi Malta, sannan sashe na 147 ya sa Jamus ta amince da ikon Ingila kan Masar. Japan ta kawo shawarar a rubuta daidaiton mutane ba tare da bambancin launin fata ba a kundin ƙungiyar, 11 cikin 17 suka goyi baya, Wilson da ke shugabantar zaman ya ce sai kowa ya yarda. Sin kuma ta ƙi sa hannu gaba ɗaya don an ba Japan haƙƙin Jamus a lardin Shandong.

Bagarwa:
A koma kan "a aikace" na DanMubi. Akwai wurin da sharaɗin buɗe kasuwa ya yi aiki, amma ba ɗan ƙasa ya amfana ba. Sashe na 297 ya ba masu nasara damar sayar da kadarorin Jamusawa. Aka kai gonakin Jamusawa na Tiko da Biktoriya, a kudancin Kamarun Ingila, gwanjo a Landan a 1922, masu saye suka yi ƙaranci. A 1924 aka sake, aka ɗage wa Jamusawa takunkumi, tsofaffin masu gonakin suka saye mafi yawansu. Kafin 1939 Jamusawa sun fi Ingilishi yawa a kudancin Kamarun Ingila, ayaba na tafiya Hambog. Sai da yaƙi na biyu ya tashi aka ƙwace, bayansa aka kafa hukumar CDC don ta riƙe gonakin.

A ɓangaren Faransa kuwa, takardar amana ta hana aikin tilas sai don ayyukan gwamnati masu muhimmanci. Wannan "sai" ɗin ita aka bi aka kwashi mutane aikin layin dogon da ya isa Yawunde a 1927, kuma an yi asarar rayuka da yawa. A arewa matsalar wata ce daban, sakaci. Wa zai zuba kuɗin hanya a ƙasar da bai tabbata tasa ce ba?

DanMubi61:
Wannan na ƙarshen ya zauna. To ƙuri'ar tamu fa, sau biyu aka yi ko sau ɗaya? Ana ta saɓani.

YarwaKura:
Sau biyu. Ta farko a Nuwamban 1959, arewa kaɗai, maza kaɗai, kuma tambayar ita ce a shiga Jihar Arewa in Najeriya ta sami 'yanci, ko a ɗage shawara. Wajen kashi 62 cikin ɗari suka ce a ɗage. Ba Kamaru suka zaɓa ba, haushin mulkin hakiman da ake turowa daga Yola da Dikwa ne ya fito. Gwamnatin Kaduna ta girgiza, aka yi garambawul, aka kafa sababbin En'e-En'e da ba sa ƙarƙashin Yola. Daga 1 ga Oktoban 1960 Ingila ta riƙe yankin daban, da kantoma a Mubi.

Ta biyu a 11 da 12 ga Fabrairun 1961, mata ma suka jefa, zaɓi biyu kacal, Najeriya ko Kamaru. Arewa ta ba Najeriya 146,296, Kamaru 97,659. Kudu ta ba Kamaru 233,571, Najeriya 97,741. Arewa ta shigo ranar 1 ga Yunin 1961 ta zama Lardin Sardauna, kudu ta tafi 1 ga Oktoba. Gwamnatin Ahijo ta kai Ingila ƙara Kotun Duniya, a Disambar 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci don riƙon ya riga ya ƙare.

BabanZainab:
Ka lura, ba a sa zaɓi na uku ba, wato tsayawa da kai. Rikicin yankin masu Turancin Ingilishi a Kamaru yau daga nan yake jan hujjarsa.

MalamTaswira:
Abu ɗaya kan layin kansa, don har yanzu da shi ake aiki. Milner da Simon sun yi amfani da taswirar Bajamushe Moisel ne, mai ma'aunin 1 cikin 300,000. Santimita ɗaya kilomita uku ce a ƙasa, kaurin layin alƙalami na milimita ɗaya ya cinye mita 300. Kuma bayanin da kalmomi aka yi shi: a bi kogi kaza, a hau marabar ruwa kaza, a bar ƙauye kaza a hagu. Kogi yana sauya hanya, ƙauye yana tashi ya tafi da sunansa, dutse ɗaya yana da suna uku. Shi ya sa gwamnonin biyu, Thomson na Najeriya da Marchand na Kamaru, suka sake fayyace shi a 1929 da 1930, aka tabbatar da musayar takardu a 1931.

Da Kotun Duniya ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoban 2002, waɗannan takardun ta buɗe kan Tafkin Chadi da tsaunukan Mandara. Takardar 1919 ta ce layin ya fara daga cikin tafki ya nufi bakin kogin Ebeji, amma tafkin ya ja baya, kogin ya rabu biyu, sai da kotu ta tsayar da wurin da lambobi. Haka Darak da ƙauyukan kewayenta suka koma Kamaru a ƙarshen 2003.

AlhajiTanko_KD:
Ashe Bakasi ma Basai ce ta cinye mana.

MalamTaswira:
A'a Alhaji, Bakasi ta girmi Basai. Takardarta ta 11 ga Maris na 1913 ce, tsakanin Ingila da Jamus. Kudancin Kamarun Ingila ya koma Kamaru a 1961, don haka tsohuwar iyakar Jamus ce ta farfaɗo a can. A arewa kuma, da yake yankin ya shigo Najeriya, layin 1919 ne ya zama iyakar ƙasa.

LauyanKauye:
Wanda ke nufin akuyar DanMubi ba ta koma wa Jamus ba, ba ta kuma zauna a garken Ingila ba.

BabanZainab:
Akuyar ai tun farko ba ta Jamus ba ce, Barista. Ka fara faɗa mana a hannun wa Jamus ta same ta a 1902.

Bagarwa:
Wannan sai an buɗe maganar Lamiɗo Zubairu da yaƙin Marwa. Malam, kana da taswirar 1893 ɗin nan mai da'ira kewaye da Yola? In akwai a saka mana, don har yanzu ban gane yadda Gurin ta tsira a ɓangaren Ingila ba.